Ɗan Harshen Da Ke Riƙe Da Hancin Jirgin Sama

Duk wanda ya saba tsayawa a bakin Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai da sassafe ya san yadda masu jakai ke shigowa birni da mangala. In kaya ya rinjaya gefe guda, mai jaki yana da dabara biyu. Ko dai ya bi jakin yana tallafe da kayan har kasuwa, ya isa kafaɗarsa ta mutu, ko kuwa ya tsaya ya ɗora ɗan dutse a gefen da ya yi sama, sa'an nan ya saki hannu, jaki ya yi ta tafiya shi kaɗai. Amma fa dutsen nan ba ya maganin komai sai ƙaramin rinjaye. In tun farko an yi mugun labtu, babu dutsen da zai gyara shi, sai an sauke an sake.

To, mas'alar nan ta mai jaki ita ce mas'alar matuƙin ƙaramin jirgin sama, musamman irin wanda mutum ya haɗa da hannunsa a gida. Bambancin kawai, kayan jaki gefe ya ke rinjaya, shi kuwa jirgi gaba ko baya, watau hancinsa ya nemi ƙasa ko ya nemi sama. Ɗan abin da ke tsaya masa a matsayin dutsen mai jaki wani ƙaramin falle ne a can ƙarshen wutsiya, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Turawa suna ce masa tirim, a nan kuwa za a kira shi ɗan harshe. Ran matuƙi yana rataye da shi.

Kano Da Jirgin Sama

Mutanen Kano ba baƙin jirgin sama ba ne. Ran 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan Ingila suka sauka a filin wasan dawaki da ke bayan ganuwa. Daga Halwan ta ƙasar Masar suka taso, shugaban tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Jiragen nan da katako da ƙyalle da waya aka yi jikinsu, abubuwan da kowane kafinta da maɗinki na Kasuwar Kurmi ya sani. A cikin 1936 aka fara jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Hartum da Kano a kai a kai, daga nan garin ya zama zangon jirage kamar yadda ya ke zangon raƙuma tun dā.

Tun daga lokacin sha'awar abin ta shiga zukata. Yaran birni sukan fere kara su yi jirgi, su sa masa farfela, waɗansu su yi da gwangwani da langa-langa. Waɗansu kuma da suka girma ba su bar abin ba. A cikin 2007 jaridun duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, mai shekara 24 a lokacin, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur, ya sa masa injin mota Honda. Wata takwas ya yi yana aikin, jirgin kuwa ya ɗaga daga ƙasa kamar ƙafa 7. Wannan ya nuna hannu da basira ba su yi ƙaranci a Kano ba.

Akwai kuma wani misali da ya fi kusa da maganar yau. A jihar Oregon ta Amurka akwai wani injiniya, Richard VanGrunsven, wanda ya tsara ƙananan jirage na gorar ruwa da a ke sayar wa mutane gunduwa-gunduwa, kowa ya haɗa nasa a gida. Fiye da 10,000 daga cikinsu sun tashi. Ɗaya daga ciki, mai suna RV-6A, mai kujera biyu kafaɗa da kafaɗa, shi ne aka ɗauko tsarinsa aka haɗa a Kaduna domin koyar da sojan sama na Nijeriya tuƙi. Aka sa masa suna Air Beetle, na farko ya tashi cikin 1989, aka yi odar guda 60. Ashe jirgin haɗin gida ba wasan yara ba ne, har gwamnati ta amince da shi. A jikin wutsiyarsa kuwa, wajen hagu, akwai ɗan harshen nan.

Yadda Jirgi Ke Zama A Kan Iska

Kafin a gane aikin ɗan harshe, wajibi ne a san yadda jirgi ke zama a sama. Jirgi kamar sandan sikeli ya ke. Akwai wani wuri guda a jikinsa wanda in da za a rataye shi daga nan, sai ya tsaya daidai, bai rinjaya gaba ba, bai rinjaya baya ba. Wannan wuri shi ne cibiyar nauyi. Fukafukai kuma suna da wurin da ƙarfin ɗagawarsu ya taru. Masu tsara jirage da gangan su kan sa cibiyar nauyi ta ɗan fi kusa da hanci, don jirgi ya riƙa neman sunkuyawa. Sa'an nan suka sa ƙaramin fiffike a wutsiya, wanda iska ke danna shi ƙasa, shi ke tare sunkuyawar nan.

Hikimar wannan tsari babba ce. In jirgi ya sunkuya ya ƙara gudu, iskar da ke danna wutsiya sai ta ƙaru, hanci ya ɗago da kansa. In ya ɗaga hanci ya rage gudu, dannawar ta ragu, nauyin gaba ya sunkuyar da shi, gudu ya komo. Watau jirgin kirki kullum yana neman komawa ga gudu guda, kamar dokin da ya san hanyar gida.

A bayan fiffiken wutsiya akwai wani falle mai motsi sama da ƙasa kamar ƙyaure a kan hinji. Shi ne ƙyauren wutsiya, yana haɗe da sandan tuƙi da ke hannun matuƙi. In matuƙi ya ja sanda wajen cikinsa, ƙyaure ya ɗaga, iska ta danna wutsiya, hanci ya yi sama. In ya tura sanda gaba, sai a sami akasin haka. Abin wahala shi ne, iska kullum tana ƙoƙarin mai da ƙyauren inda ta ke so. In wurin da iska ke so ba shi ne wurin da tafiya ke bukata ba, tilas matuƙi ya yi ta ja ko ta turawa, sa'a guda, sa'a biyu, kamar mai jakin nan da ke tallafe da kaya. Da zarar ya juya ya duba taswira, hannunsa ya sassauta, jirgi ya sunkuya bai sani ba.

Aikin Ɗan Harshe

Maganin wannan wahala shi ne ɗan harshe. An manna shi a gefen baya na ƙyauren wutsiya. Asalin dabarar ana danganta ta ga wani Bajamushe, Anton Flettner, wanda ya yi aiki a kanta zamanin Yaƙin Duniya na Farko. Aikinsa a juye ya ke, nan ne kuwa masu koyo suka fi ruɗewa. In ɗan harshe ya karkata ƙasa, iska tana tura shi sama, shi kuma ya ɗaga ƙyauren duka, hanci ya tashi. In ya karkata sama, ƙyaure ya sauka, hanci ya sunkuya. Da ya ke yana can nesa da hinji, ɗan ƙarfinsa ya isa ya riƙe babban ƙyaure, kamar yadda yaro ke iya tura ƙyauren ƙofar gari in ya kama shi daga baki, alhali ƙato ba ya iyawa daga gindi.

Iri biyu ne a ƙananan jirage. Akwai na kafe, watau ɗan fallen gorar ruwa da a ke lanƙwasawa da hannu a ƙasa, ba a taɓa shi a sama. Irin wannan gudu guda kaɗai ya ke daidaitawa. Akwai kuma mai motsi, wanda matuƙi ke juyawa daga mazauninsa da ƴar ƙafa ko maɓalli, ta hanyar waya ko ƙaramin injin lantarki. Wannan ya fi amfani, domin bukatar jirgi tana sakewa a kowane mataki: hawa dabam, tafiya sosai dabam, sauka dabam. Ƙara wuta ko rage ta, ƙarewar mai a tanki, hawan fasinja, duka suna sake rinjayen hanci.

Awo Kafin Tashi

Nan ne babbar magana ta ke. Ɗan harshe yana ɗauke nauyi daga hannun matuƙi, amma ba ya gusar da cibiyar nauyi ko da faɗin gashi. In cibiyar ta yi baya ƙwarai, jirgi ya rasa halin nan nasa na komawa gida. Ya ɗaga hanci, maimakon ya sauke sai ya ƙara ɗagawa, har iska ta suɓuce wa fukafukai ya faɗo. In kuwa ta yi gaba ƙwarai, ranar sauka ƙyaure ba zai iya ɗaga hanci ba ko an ja sanda har ƙarshe. A ƙananan jirage masu ɗaukar mutum biyu, tazarar da aka yarda cibiyar ta yi yawo a ciki ba ta wuce kamar taƙi guda ba.

Maƙeran Kano da kafintocinta sun shahara da awon ido, kuma a sana'arsu ido ya isa. A jirgi kuwa ido ba ya ganin taƙi guda cikin tsawon mita shida. Sai sikeli da alƙalami. A kan shigar da jirgi rumfa inda babu iska, a daidaita shi da ma'aunin ruwa irin na magina, a sa sikeli ƙarƙashin kowace ƙafa. Sa'an nan a auna nisan kowace ƙafa daga hanci, a ninka nauyi da nisa, a tara, a raba da nauyin jirgin duka.

Ga misali, don a ga sauƙin lissafin. A ce ƙafar gaba ta nuna kilo 100, nisanta daga hanci santimita 100, an sami 10,000 ke nan. Ƙafafun baya biyu sun nuna kilo 400 a haɗe, nisansu santimita 225, an sami 90,000. Jimla 100,000, a raba da kilo 500, cibiyar nauyi tana kan santimita 200 daga hanci. To, a ce an ɗora buhu mai kilo 50 a bayan kujera, a kan santimita 310. An ƙara 15,500, jimla ta zama 115,500, a raba da 550, cibiyar ta koma 210. Buhu guda ya ja ta baya da santimita 10, watau wajen rabin tazarar duka. Wanda ya sa injin mota mai nauyi a madadin wanda aka tsara, ko ya ƙara ƙarfe a wutsiya don ta yi ƙwari, ya sake wannan lissafi ko ya sani ko bai sani ba.

Bayan awo sai duban ɗan harshen kansa. Mutum ɗaya ya zauna ciki ya juya maɓalli wajen ɗaga hanci, wani ya tsaya a baya ya gani da idonsa lalle harshen ƙasa ya yi. An sha haɗa waya a juye, matuƙi ya nemi sama jirgi ya ba shi ƙasa. Sa'an nan a riƙe ƙyaure a girgiza harshen da yatsa. In yana lako-lako, ba a tashi sai an ɗaure, domin sako-sakon harshe iska tana kaɗa shi da sauri har ya karye.

Gyara A Sama, Gyara A Ƙasa

Sa'ad da aka tashi, akwai tsarin da malaman tuƙi ke koyarwa. Da fari a tsai da wutar inji inda a ke so. Na biyu a aje hanci inda ya kamata, a riƙe shi da sanda. Na uku a yi haƙuri har allurar gudu ta tsaya cik. Sai na huɗu a juya ɗan harshe kaɗan-kaɗan har nauyin da ke hannu ya ɓace. Ba a tuƙa jirgi da ɗan harshe. Sanda ke tuƙi, harshe hutar da hannu kawai ya ke yi. Mai gaggawa da ke juya shi tun gudu bai tsaya ba zai yi ta bin jirgi sama da ƙasa kamar mai farautar fara.

In harshen na kafe ne, matuƙi ya kiyaye abin da hannunsa ya ji, ya sauka ya rubuta. In ja ya yi ta yi, a lanƙwasa harshe ƙasa. In turawa ya yi ta yi, a lanƙwasa shi sama. Kowace lanƙwasa ƴar kaɗan ce, a sa falle tsakanin katako biyu don ya tanƙwaru bai ɗaya, a auna, a rubuta, a sake tashi. Ba a gyara abu biyu a tashi guda, don kada a rasa wanda ya yi aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai jarrabawa guda wadda ke tona asirin jirgi. Can sama nesa da ƙasa, bayan an daidaita, sai matuƙi ya ja sanda kaɗan har gudu ya ragu, ya sake ta a hankali. Jirgi mai lafiya zai sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa kaɗan, lilon yana raguwa har ya komo gudunsa na fari. In lilon ƙaruwa ya ke yi, ko jirgin ya ƙi komowa, sai a sauka, a koma kan sikeli. Haka kuma in sai an kai harshe ƙarshen iyakarsa kafin jirgi ya tafi sosai, cutar ba ta harshe ba ce. Ko dai nauyi ne bai zauna daidai ba, ko fiffiken wutsiya ne aka kafa a karkace. An zo wurin da dutse ba ya magani, sai a sauke labtu.

Wani wuri mai hatsari kuma shi ne fasa sauka. Mai sauka ya kan juya harshe wajen ɗaga hanci domin yana tafiya a hankali. In wani abu ya gitta a fili ya buɗe wuta gaba ɗaya don ya sake tashi, hanci zai zabura sama da ƙarfi. Tilas ya tura sanda da ƙarfinsa, sa'an nan ya mai da harshe. Don haka ne kuma a ke yin alama a jikin maɓalli, wurin da za a aje shi kafin kowane tashi.

Ɗan Hakin Da Aka Raina

Tarihi ya aje shaida. A cikin 1934 wani Bafaranshe, Henri Mignet, ya buga littafi yana koya wa talakawa yadda za su haɗa ƙaramin jirgi a gida. Mutane da yawa a Faransa da Ingila suka bi shi. Cikin 1935 da 1936 waɗansu jiragen suka faɗi, matuƙansu suka mutu. Da aka sa jirgin cikin ɗakin gwaji mai hura iska, sai aka gane in hancinsa ya sunkuya ya wuce wani haddi, ba ya ɗagowa ko an ja sanda duka. Aka gyara tsarin daga baya, amma waɗanda suka tafi sun tafi.

Ran 16 ga Satumba, 2011, a wurin tseren jirage na garin Reno a Amurka, wani tsohon jirgin yaƙi da aka sake wa siffa don tsere ya zabura sama farat ɗaya, matuƙi ya fita hayyacinsa, jirgin ya faɗo kusa da ƴan kallo. Matuƙin da mutum 10 suka rasu. Masu bincike suka sami kusoshin ɗan harshen wutsiya sun saki, domin nocin da ke kulle su sun tsufa. Harshen ya yi ta kaɗawa har sandan da ke riƙe da shi ya karye. Kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, su suka ci rai 11.

Abin Da Ya Shafi Kano

Ƙasar Kano tana da nata sharuɗɗa. Filin jirginta yana sama da teku da wajen mita 470. In bazara ta yi tsanani zafi ya kai awo 40, iska ta kan yi shara-shara har jirgi ya ji kamar yana tashi daga tudu mai mita 1,500. Gudunsa a ƙasa ya yi tsawo, hawansa ya yi nauyi. Da rana kuma iska mai zafi tana tasowa daga ƙasa tana jijjiga jirgi, ga guguwa, matuƙi ba zai bambanta laifin harshe da laifin iska ba. Saboda haka gwaji sai da sanyin safiya. Lokacin hunturu kuwa hazo ya kan shafe layin da sama ta haɗu da ƙasa, alhali da layin nan ne matuƙi ke auna inda hancinsa ya ke.

Sa'an nan birni cike ya ke maƙil, daga gindin Dala har Ƙofar Nasarawa babu fegin da jirgi zai sauka in inji ya tsaya. Mutanen Gwammaja ba su manta da ran 4 ga Mayu, 2002 ba, sa'ad da jirgin fasinja ya faɗa cikin gidaje jim kaɗan bayan tashinsa, fiye da mutum 100 suka rasu, na ciki da na ƙasa. Wancan hatsari ba na ɗan harshe ba ne, amma ya nuna wanda ke biyan kuɗin kuskuren da aka yi a sama. A Amurka doka ta ɗora wa sabon jirgin haɗin gida lokacin gwaji a keɓaɓɓen wuri nesa da cunkoson jama'a, kafin a yarda ya ɗauki fasinja. A Nijeriya izinin tashi yana hannun Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama, kuma tun 1964 akwai makarantar koyon tuƙi da gyaran jirage a Zariya, tafiyar ƴan sa'o'i kaɗan daga Kano. Saurayin da ya haɗa jirgi a zauren gidansu bai rage wa kansa daraja ba in ya kai lissafinsa wurin masanan nan suka duba, ya kuma bar tashin farko ga matuƙin da ya ƙware.

Jama'a sun fi taruwa ranar da inji ya yi ruri, farfela ta juya, ƙura ta tashi. Amma aikin da ke mai da matuƙi gida ba shi da ƴan kallo: sikeli uku, igiyar awo, ɗan littafin rubutu, da falle guda da a ke lanƙwasawa kaɗan-kaɗan. Wanda bai gama wannan ba tukuna, ya bar jirginsa a rumfa har ya gama. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.